Inda Faifan Yake Tsayawa

Mijina mai gyaran fanka ne, amma in kana son ganin haƙoransa ka kira shi Injiniya. Shi ya raɗa wa kansa sunan, ni ma da shi nake kiransa. Ɗakinmu ɗaya ne a gidan haya, kuma rabinsa ba namu ba ne, na matattun fankoki ne: wasu ba kai, wasu ba fiffike, wasu an kawo su da ransu suka cika a hannunsa. In zan shimfiɗa tabarma sai na ce wa fanka gafara.

Shi ya sa ranar da Gwaggo, mai gidan da muke haya, ta ce za ta ba da shagon da ke jikin ƙofar gida, zuciyata ta yi tsalle. Mutum biyu ke so: Injiniya, da mai askin da ke kafa kujerarsa a ƙarƙashin rumfar ƙofa. Gwaggo ta ce ba ruwanta da wanda ya fi roƙo. Tun da aka kwance kan famfon ƙofar gida da rana tsaka, mai ido take nema, wanda zai zauna a shagon ya zame wa gidan mai gadi. Za ta je gidan 'yarta ta sha iska, ranar da ta dawo za ta faɗi wanda ta zaɓa.

Mai aski ya ce, "Gwaggo, ai magana ta ƙare. Ni da nake wuni a ƙofar nan, ko ƙuda ya shiga sai na san da ƙafar da ya fara shiga."

Injiniya ya juya. Ya shigo ɗaki yana huci, ya ture wata fanka da ƙafa, ya ɗauko faifan nan nasa.

Tsohon fim ne, baƙi da fari, na mutanen wata ƙasa masu dogayen huluna. Ba na jin yarensu, shi ma ba ya ji, amma shi yake fassara min, kuma kullum fassarar sabuwa ce. Wasu ɓarayi ne suka sa kayan aiki, suka saɓi tsani, suka shiga gidan wani attajiri da rana kata. Ba wanda ya tambaye su. Suka kinkimo wani ƙaton akwatin ƙarfe, sai ga barorin gidan suna kama musu, har wata tsohuwar baiwar Allah mai farin ƙyalle a ka ta riƙe musu ƙofa tana murmushi. Suka ɗora akwatin a mota suka tafi, babbansu yana zaune a kai yana dariya.

Daidai nan faifan yake tsayawa. Hoto ya daskare, ɓarawo baki buɗe, na'urar tana ƙit-ƙit-ƙit tun ranar da Injiniya ya gyara ta. Shi kuma sai ya tafa hannu ya ce, "Ƙarshe ke nan. Mai basira ya ci."

Ni kuwa na san ba ƙarshe ba ne. Wata rana da yana wurin aiki na kai faifan ɗakin maƙwabciyata, matar direba, muka sa a na'urarta, ya wuce sumul. Ashe da ɓarayin suka fasa akwatin ba zinariya suka tarar ba, attajirin ne da kansa a naɗe, ya sheƙa tun jiya. Barorin ne suka gama da shi, suka rasa yadda za su fitar da gawar, sai Allah ya jefo musu masu tsani. Aka kama ɓarayin, aka rataye su kan abin da ba su yi ba. Hoton ƙarshe, barorin ne zaune a falon maigida suna shan shayi, tsohuwar nan tana zuba wa kowa da wannan murmushin nata. Muka yi dariya har matar direba ta ƙware, sannan muka kalli juna muka ji kunyar dariyar. Tun daga ranar, in ana kallo, ba ɓarayin nake kallo ba, fuskar tsohuwar nake kallo.

Injiniya ya nuna allo da yatsa. "Kin ga wannan? Abin da zan yi ke nan. Ranar da Gwaggo za ta dawo zan yi sata a gidan nan, a gaban mai askin, ido na ganin ido. In zagaya layi da kayan, in dawo da su gaban jama'a, in ce Gwaggo ga idon mai askinki."

Na ce, "Injiniya, amma ƙarshen fim ɗin..."

"Ni za ki gaya wa ƙarshe? Kina goyo nake kallon fim ɗin nan."

"Me za ka ɗauka?"

"Sirrin aiki ba ya shiga kunnen mata."

Da ya faɗa min, da na zube na kama ƙafarsa. Don akwai abin da duk gidan muka sani ban da shi. A siton Gwaggo, wanda bangonsa ɗaya da ɗakinmu, akwai doguwar firiza irin mai murfi a sama. 'Yar Gwaggo mai gidan abinci ta cika ta da nama, sai firizar ta mutu ba wanda ya lura. Da can ƙuginta har damun Injiniya yake yi in yana kallo, kwanan nan ta yi tsit. Ranar da Gwaggo ta ɗaga murfin sai da aka yi mata fifita. Ta tsine wa masu wuta, ta sa aka naɗe bakin firizar da salatif, ta kira masu kwasar shara. Suka shaƙa sau ɗaya suka ce su shara suke kwasa ba alhaki ba. Shan iskar da ta tafi yi ke nan. Ko siton ba ta kulle ba, ta ce ko Allah zai kawo ɓarawo. Ni turare nake ta ƙonawa a ɗaki, Injiniya kuwa mura ta toshe masa hanci, ko barkono aka ƙona ba zai ji ba.

Ranar ta zo. Bayan azahar na ji ƙarar amalanke a ƙofar gida, na leƙa. Abokin Injiniya ne, Dogo mai amalanke, da wani mutum cikin kayan fenti da suka tsaya masa a ƙwauri, da baƙin tabarau, da tsani a kafaɗa. Takalmin na gane, ni na wanke shi da safe.

Dogo yana raɗa, amma raɗarsa har tsakar gida. "Injiniya, sata fa ka ce?"

"Ta gwaji. Kamar allurar rigakafi. Kuma kar ka sake kirana Injiniya."

"To tsanin fa? Firiza a ƙasa take."

"Tsani shi ne takardar izini. Ka taɓa ganin an tambayi mai tsani ina za shi?"

Sai a lokacin na gane firizar Gwaggo zai sata.

Mai aski yana tsakiyar yi wa wani mai tumbi aski, ya gama rabin kai. Ya ɗago ya dubi tabarau, ya dubi takalmi, ya ce, "Sannu baƙo. Daga ina?"

Injiniya ya kumbura murya. "Daga kamfani. Firizar sito muka zo ɗauka."

Mai aski ya sake duban takalmin. Sai na ga bakinsa ya buɗe a hankali, kuma wallahi murmushin tsohuwar nan ne, ba ragi ba ƙari.

"Kamfani! Kai, Allah ya yi muku albarka. Bismillah, bari in kama muku."

Ya ajiye aska. Mai tumbin ma ya miƙe da rabin kai, ƙyalle a wuya, ya ce shi ma zai samu lada. Injiniya ya zunguri Dogo da gwiwar hannu, wai ka gani?

Tsanin ya ƙi shiga ƙofa a kwance, ya ƙi a tsaye. Da ya shiga, ya tafi da igiyar shanya, zanin matar direba ya maƙale a samansa kamar tuta. Na ɗauka za ta yi bala'i, don a kan ƙyallen goge tukunya ma takan tara mutane. Sai ta fito, ta ji abin da aka zo ɗauka, ta ce, "Ku tafi da zanin ma in zai taimaka." Ta ruga ta kawar da turmi da bokitai daga hanya. Kafin ka ce me, duk mai ƙafa a gidan ya fito, kowa ya ɗaure hanci da abin da ya samu.

Injiniya ya ce wa Dogo, "Dubi wawaye, har ƙura suke tsoro."

Na daure na matsa kusa. "Injiniya, don Allah ka ji..."

"Baiwar Allah, ban san ki ba. Matsa, ana aiki."

Aka yi ɗaya, biyu, aka ɗora firiza a amalanke. Matar direba ta riƙe musu ƙofa. Mai aski ya raka su har bakin titi yana ɗaga hannu. "A gai da kamfani! A ce mun gode!"

Na yafa mayafi na bi su daga nesa, kamar mai zuwa sayen zare.

Rana ta buɗe sosai. Dogo yana turawa, Injiniya yana gaba da tsani yana tafiyar ƙasaita. Ba su yi nisa ba wani ruwa ya fara ɗiga daga gindin firizar, ja mai duhu. Ƙudaje suka fara zuwa, irin korayen nan manya. Sai kare ɗaya. Sai ya kira 'yan'uwansa.

Dogo ya ce, "Injiniya, kayan nan yana da rai?"

"Tura."

"Ko dai ya taɓa yi?"

"Kai matsalarka ba ka kallon fim. Tura!"

Masu shaguna suna leƙowa, suna toshe hanci, suna nuna su. Injiniya ya waiwayo yana murna. "Ka ga yadda gari ya ɗauka? Ko'ina idanu, ba mai tambaya."

A mararrabar da motoci ke tsayawa, ƙafar amalanke ta faɗa rami. Firiza ta zame, gefe guda ya daki ƙasa, ruwan da ya taru a ciki ya bulbulo ta ƙarƙashin salatif ya malale titi. Dogo ya dubi ruwan, ya dubi ƙafarsa, ya ce, "Ni ban da iyali ma ina da uwa." Ya bar amalankensa, ya bar takalmi ɗaya, ya ba ƙafa iska.

Wata mai sayar da lemo ce ta fara ihu. "Jini! Jama'a, jini!"

Nan take wuri ya cika. Wani mai faci ya durƙusa ya duba, ya ce, "Ai na san firizar nan. Ta Gwaggo ce mai gidan haya."

"Gwaggo? Ni fa kwana biyu ban ga gilmawarta ba."

"Ni ma."

"Kuma tsawonta daidai da..."

Ba wanda ya ƙarasa. Aka fara salati.

Injiniya ya ga taro ya haɗu tun kafin a koma gida, ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Ya jingina tsani da turken wuta, ya hau, ya yi gyaran murya, ya cire tabarau da ƙarfi.

"Jama'a, ni ne!"

Mai faci ya ce, "Mun san kai ne, mai fanka. Ina Gwaggo?"

"Ku bar maganar Gwaggo tukuna. Da rana tsaka na shiga gidan nan, na fito da wannan kaya a gaban mai aski, har kama min ya yi! Yanzu ku faɗa min, wa ya cancanci shago?"

Mai lemo ta ɗora hannu a ka. "A kan shago! Wayyo Gwaggo, a kan shago!"

Wani ya riga ya kira ɗan sanda daga bakin hanya, wani saje mai gashin baki. Ya zo ya dubi ruwan, ya dubi karnukan, ya ɗaga kai ya dubi mai tsani.

"Sauko. Kayanka ne?"

"A'a, ranka ya daɗe. Satowa na yi." Ya faɗa yana washe baki kamar mai karɓar kyauta.

"Me ke ciki?"

"Wannan kuma ban buɗe ba. Ƙwararre ba ya buɗewa a hanya."

Mai aski ya iso, mai rabin kai yana biye da shi. Saje ya tambaye shi ina mai gidan take. Ya shafa haɓa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni aski na sani."

Saje ya damƙi wandon fentin ta ƙugu, har ƙafafun Injiniya suka ɗan bar ƙasa. Wasu sun fara neman duwatsu. A nan ne na ga murmushin Injiniya ya daskare, baki buɗe, kamar na mutumin cikin faifai.

Ni da ko a ɗakin awo sai an ce in ɗaga murya, ban san lokacin da na kutsa tsakiyar maza ba.

"Nama ne," na ce.

"Me kika ce? Ke wace ce?"

"Matarsa ce. Nama ne ya ruɓe. Gwaggo tana gidan 'yarta, yau za ta dawo."

Mai lemo ta ce, "Ai dole ki ce haka, 'yar nan!"

Allah ya taimake ni, wata tasi da taron ya tare wa hanya ta yi ta hon, aka buɗe ƙofar baya, sai ga Gwaggo da jakarta da lemarta. Mai lemo ta yi ƙara ɗaya ta zube cikin lemonta. Mai faci ya ja da baya yana karanto duk abin da ya zo bakinsa.

Gwaggo ta ce, "Lafiya kuke kallona kamar na ci muku bashi? Wa ya mutu?"

"Ke, Gwaggo."

"Ni? Ba a gaya min ba."

Saje ya ce duk da haka sai ya gani da idonsa. Gwaggo ta ce, "Ɗana, kar ka buɗe." Ya ce aiki ne. Ta ce, "To bari in matsa." Ta koma can tsallaken titi ta buɗe lema. Ya yanke salatif da wuƙar mai lemo, ya ɗaga murfi.

Ba zan iya kwatanta abin da ya fito ba. Na dai ga taro ya watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Karnukan ma biyu sun fasa. Mai lemo da ta suma ta farfaɗo ta gudu. Injiniya kuwa ya yi atishawa ɗaya mai ƙarfi, murar da ta ƙi jin magani ta warke nan take, ya ce, "Innalillahi! Mene ne wannan?"

Mai aski daga nesa, hanci a toshe, ya ce, "Kayan kamfani ne!"

Da aka mai da murfi aka samu numfashi, Saje yana share hawaye ya ce sata dai sata ce, mutum ya amsa da bakinsa. Gwaggo ta tsallako.

"Ɗana, sake shi. Wannan ba ɓarawo ba ne, rahama ce. Na roƙi masu shara sun ƙi, na bar sito a buɗe ɓarayin gaske sun ƙi. Shi kaɗai ya ji tausayina." Ta juya ga mai aski. "Kai kuma mai ido, da kamfanin gaske ne fa?"

"Haba Gwaggo, ai na gane shi tun daga takalmi!"

"Ka gane shi ka bar shi a hannun hukuma, ana ce ya kashe ni? Ido ba hali, ina amfaninsa?"

Ta kwance bakin zaninta, sai ga makullin shago. Na ji kamar in yi guɗa. Har na fara jera fankoki a raina: masu kai a sama, marasa kai a ƙasa, tabarmata ta miƙe ƙafa. Injiniya ya gyara wuyan rigar fenti, ya mai da tabarau. Na ga ƙirjinsa yana tasowa, na san alamar. Na ja gefen rigarsa.

"Injiniya, karɓi kawai."

Ya fizge. "Ai Gwaggo, ba yau na fara yi miki hidima a ɓoye ba. Firizar nan ma, kin tuna ƙugin da take yi, ba dare ba rana? Kin ƙara jin sa? Ni ne nan. Wata rana can baya da kika manta sito a buɗe na shiga, na duba bayanta, na gano wayar da ke kawo ƙugin, na tsinke ta. Ko sisi ban nema ba. Tun daga ranar, tsit!"

Tsit ɗin ya sauko mararrabar ma. Har ƙudaje ana ji.

Gwaggo ta ce a hankali, "Kai ne."

"Ni ne, Gwaggo."

"Na yi mako ina tsine wa masu wuta."

Hannunta da ke miƙe da makulli ya juya shi kaɗai, kamar kan fanka mai lafiya, ya sauka a tafin mai aski. Mai rabin kai ya ce, "To alhamdulillahi, a je a ƙarasa min a sabon shago."

Gwaggo ta ce wanda ya kashe shi ke binnewa. Injiniya ya tura amalanken shi kaɗai har juji, karnuka na yi masa rakiya, ya haƙa rami, ya wanke firizar har fatar hannunsa ta saɓule. Da ya dawo da ita ta ce ba ta karɓar kayan sata, ya kai ɗakinsa. Yanzu tana nan inda nake shimfiɗa tabarma. Ni dai na buɗe ta na zuba fankokin a ciki na rufe, matattu cikin matacciya, sai ga shi ɗakin ya ɗan yi fili.

Bayan kwana biyu, da ya daina wanka da toka, ya ce, "Wai me kike ta son faɗa a kan ƙarshen fim ɗin nan?"

Na je na aro na'urar matar direba. Muka zauna a kan firiza muka kalla. Mota ta tafi, ɓarawo yana dariya, hoto bai tsaya ba. Aka fasa akwati. Aka zo rataya. Tsohuwa ta zuba shayi tana murmushi. Ni ina danne dariya da bakin mayafi, shi ko motsi bai yi ba.

Can ya ce, "Wannan tsohuwar, ba ta yi miki kama da wani ba?"

Na ce, "Ban lura ba."

Ya tashi ya ciro faifan, ya juya shi a haske, ya ce, "Fim ne mai kyau, amma masu shi ba su san inda ake tsayawa ba." Ya ɗauko ƙusa a cikin kayan aikinsa, ya auna da ido, ya karce bayan faifan. Ya mayar a na'urar matar direba. Mota ta tafi, ɓarawo ya buɗe baki zai yi dariya, hoto ya daskare.

A duk abin da na ga Injiniya ya gyara tun da aka kawo ni, wannan ne kaɗai ya yi abin da aka ce ya yi.